Yadda nake sa ido kan zafin kan silinda a Bitil da Kombi

Motar da ba ta da lagireto ba ta tafasa ruwa, ba ta fitar da tururi, don haka ba ta yi wa direba gargaɗi kafin ta lalace. Volkswagen Bitil da Kombi, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, iskar fanka da baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya injinsu. 'Yan tsirarun da suka rage a Kano, waɗanda ake kawo mini gyara, yawanci ciwonsu ɗaya ne: kan silinda ya sha zafi har bawul ya ƙone ko mazauninsa ya saki. Mai motar kuma zai rantse cewa fitilar mai ba ta taɓa kamawa ba. Gaskiya ya faɗa, domin wannan fitila ƙarfin bugun mai take nunawa, ba ruwanta da zafi. Ko gejin zafin mai ma a makare yake kawo labari, domin mai a hankali yake ɗumama, shi kuwa kan silinda cikin 'yan daƙiƙu yake hawa.

Abin da za ka nema shi ne gejin zafin kan silinda, wanda ke zuwa da siririyar waya mai zobe a bakinta. Zoben ya zama na milimita 14, daidai filogin waɗannan injuna. Ka fara tambaya a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa, in ba a dace ba sai a yi oda ta intanet.

Silinda ta 3 za ka ɗaura wa. In ka tsaya a bayan mota ka buɗe murfin inji, tana hagu, can ciki wajen giyabos. A tsofaffin injuna na kafin 1971, abin sanyaya mai yana cikin gidan fanka a daidai wannan ɓangare, sai iskar da ke zuwa mata ta iso da ɗumi. Daga baya an fitar da shi gefe, amma ni har yanzu ta 3 nake fara zargi. Ka bari inji ya huce sarai kafin ka kwance filogi, saboda kan silindar alminiyam ne, haƙoransa ba sa jure tilas. Ka zura zoben a filogin, ka fara ɗaurawa da hannu, sannan ka kawo sifana kana riƙe da wutsiyar zoben don kada ta juya ta tsinke. Wayar ka nisanta ta daga salansa da fambel. Kada kuma ka bari wani ya yanke ta ya yi mata ƙari da wayar lantarki ta banza don ta yi tsawo. Ƙarfenta na musamman ne, da zarar an gurɓata ta lissafin ya tashi.

A tafiya ta yau da kullum, digiri 150 zuwa 175 a ma'aunin Salsiyas lafiya lau ne. In allura ta doshi 200, ka ɗaga ƙafa. In ta wuce 220 kana ci gaba, ɓarna kake yi. Wanda gejinsa na Amurka ne mai Faranhait, 400 ita ce wajen 200 ɗin nan.

Akwai wani abu da ya shafe mu a nan musamman. Irin wannan waya bambancin zafi take aunawa tsakanin bakinta da ke kan filogi da ɗaya ƙarshen nata. Gejin allura masu araha da yawa an saita su ne a kan cewa wancan ƙarshen yana wajen digiri 21 zuwa 24. A watan Afrilu, lokacin da rana ke kai digiri 40 a Kano, irin wannan geji zai rage maka kusan digiri 20, in mahaɗar wayar tana cikin ɗakin inji ma abin ya fi haka. Kana ganin 185, alhali ka haura 200. Shi ya sa nake ce wa mutane su ƙara kuɗi su sayi mai lambobi wanda ke gyara wannan da kansa. In mai allura ne a hannunka, to da bazara ka riƙa ɗora 20 a kan abin da ka gani.

Bayan ka ɗaura, ka hau hanyar Zariya da safe, ka tsayar da gudu ɗaya, ka rubuta lambar da allura ta zauna. Ka sake yi da azahar. Ranar da ka ga ta ɗara haka a hanya ɗaya da gudu ɗaya, wani abu ya canza, ko da ba ta kai 200 ba.

In zafi ya hau kana tuƙi, musamman da kaya a Kombi, ka sauko giya ɗaya ka sassauta totur. Fanka da inji tare suke gudu, wanda ya danne totur a babbar giya inji na nishi, wuta ya ƙara ya rage iska. In jar fitilar caji ta kama, tsaya nan take, mai yiwuwa fambel ne ya tsinke, fanka kuma ta tsaya ke nan.

Da ka kashe mota, ka zura hannu bayan gidan fanka. Sau da yawa leda nake cirowa daga nan, tituna sun cika da ita, fankar kuma ba ta zaɓe. Ka danna fambel da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya da rabi. Ka duba gwangwanayen da suka lulluɓe inji da robar da ta zagaye shi; wasu makanikai na jefar da su wai don inji ya sha iska, alhali su ne ke hana shi sake shaƙar zafin salansa. Ƙurar hunturu in ta haɗu da man da ke yoyo takan toshe tsakanin fikafikan silinda, sai an kankare. In duk wannan lafiya, saura kafireta mai ba da fetur kaɗan, ko iska na shiga ta tsagin robar manifol, ko taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, ya yi gaba da yawa. Daga nan a auna bawul inji na sanyi, tazarar milimita 0.15 ce. In bawul mai fitar da hayaƙi a silinda ta 3 yana yawan matsewa tsakanin sabis da sabis, a sauke kan silindar a duba shi kafin bawul ɗin ya karye ya faɗa kan fistin.