Yadda ake gano abin da ya kashe hitar tsohuwar bas a sanyin Jos

Duk direban da ya taɓa ɗaukar lodin asuba a Jos cikin Disamba ko Janairu ya san yadda abin yake. Fasinja sun cusa hannu a hammata, gilashi ya yi raɓa, ka murɗa hita har ƙarshe amma iskar da ke fitowa ba ta fi hucin baki ɗumi ba. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, don haka hitar da direban Abuja zai shekara bai taɓa ba, a nan kayan aiki ce.

Hitar mota ba ta da wuta tata, zafin inji take ara. Akwai wani ɗan ƙaramin lagireto a ɓoye bayan dashbod, ruwan zafi daga inji yana shiga ta tiyo ɗaya ya fita ta ɗaya, fanka ta hura iska ta cikinsa zuwa wajen fasinja. To ko dai ruwan bai yi zafi ba, ko bai isa can ba, ko iskar ba ta bi ta kansa ba. Haka za a bi su.

Fara da safe, inji yana sanyi. Buɗe murfin lagireto ka leƙa, ka duba robar ajiyar ruwa da ke gefe. A Hiace sai ka ɗaga kujerar gaba kafin ka isa inji. Kada ka kuskura ka buɗe murfin nan bayan mota ta yi tafiya, ruwan zai yi tsalle ya saɓule maka fata. Idan ruwa ya ragu, hita ce ke fara shaidawa, tun kafin allurar zafin inji da ke dashbod ta ce komai. Alamarsa ɗumi ya zo idan ka taka totur, ya ɗauke idan ka tsaya a go-sulo. Cika shi, sannan ka nemi inda yake yoyo. Bas mai hitar baya tana da dogayen bututun ƙarfe da suka bi ta ƙarƙashin mota, kuma nan tsatsa ke fara ci.

Ruwa ya cika? Tayar da mota ka yi tafiyar minti 10 zuwa 15, idonka a kan allurar zafi. Ya kamata ta hau zuwa wajen tsakiya ta tsaya cak. Idan ta maƙale kusa da C, wato ɓangaren sanyi, ko ka ga tana faɗuwa lokacin da kake gangara Hawan Kibo ta sake tashi idan kana hawowa, to maganar tamostat ce.

A ganina nan ne gizo ke saƙar a yawancin motocinmu. Da zarar Beljiyam ta sauka, sai wani bakanike ya ce, "Oga, wannan na ƙasar Turawa ne, mu cire kafin ya ƙona maka gasket." A zare tamostat a jefar, wani lokaci har a haɗa fankar lagireto kai tsaye, tana juyi tun daga murɗa makulli. Alhali aikin tamostat shi ne tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da ake so, a yawancin motoci tsakanin digiri 80 da 90, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Idan babu shi, ruwa yana ta zagaye yana hucewa, inji bai taɓa ɗumama yadda ya kamata ba, ga ƙarin shan mai. Sa bakanike ya kwance mazauninsa a gabanka. In babu, ko ya maƙale a buɗe, ka nemo sabo a Dilimi, wajen masu sayar da kayan gyaran mota a Jos, mai lambar digiri daidai da na motarka. Tsoho kuwa ana gwada shi da tafasasshen ruwa: ya buɗe a ciki, ya rufe idan ya huce.

Idan allura tana tsakiya amma har yanzu shiru, nemi tiyo biyun da suka ratsa jikin mota zuwa bayan dashbod. Tabbatar da farko cewa suna nan. Sau da yawa ƙaramin lagireton ya taɓa yoyo a hannun mai motar na da, aka cire tiyon aka haɗa bakinsu da guntun bututu, shi ke nan an yanke hita daga layi. In ka tarar da haka kada ka yi saurin mayarwa, a fara gwada ko yana riƙe ruwa, in ba haka ba kafet ɗin gaba zai jiƙe, gilashi ya riƙa yin hazo mai maiƙo da wari mai zaƙi-zaƙi.

In suna nan, sa hita a ƙarshen zafi ka taɓa su a hankali, hannunka nesa da fanka da fambel. Ɗaya zau ɗaya salam, ruwa ba ya wucewa. Wasu tsofaffin motoci suna da bawul a kan tiyon shiga, duba ko wayarsa tana jan sa. In bawul lafiya, to toshewa ce, kuma ba abin mamaki ba ne ga motar da ta shekara goma tana shan ruwan rijiya. Bari inji ya huce, cire tiyon biyu, ka zura ruwan famfo ta bakin fita domin dattin ya koma ta inda ya shigo. Za ka ga jan ruwa kamar kunun kanwa. Ci gaba har ya fito garau. Ban da injin wankin mota mai ƙarfi, zai fasa shi, kuma canza shi sai an sauke dashbod. Bayan haka a zuba ruwan lagireto na galan mai launi, shi ne ke hana tsatsa.

Duk lokacin da aka taɓa ruwa, iska tana maƙalewa a ciki. Ajiye motar gabanta yana kallon tudu, murfin lagireto a buɗe tun inji na sanyi, hitar gaba da ta baya duk a kunne. Bar ta tana aiki, kana ƙara ruwa har kumfa ya daina fitowa. Kumfan da ya ƙi ƙarewa, ga farin hayaƙi a salansa, ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, wannan gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, a kashe mota a kira bakanike.

Saura idan tiyo biyun duk suna zafi amma iska sanyi. A nan laifin ƙyauren da ke karkatar da iska ne a cikin dashbod. Murɗa maɓallin daga shuɗi zuwa ja, in ka ji shi sakwa-sakwa, wayar da ke jan ƙyauren ta zame ko ta tsinke, ana iya mayar da ita ta ƙarƙashin dashbod. Fankar da ba ta aiki sai a lamba ta ƙarshe kuwa rezistonta, wato abin da ke rage mata gudu, shi ne ya ƙone, wadda ta mutu gaba ɗaya a fara da fiyus. Wannan aikin mai wayarin ne, kuma ka ce ya zaro fankar ya kakkaɓe, don ƙurar hunturu da ganye, har sheƙar ɓera, duk ana samu a wurin.