Kurakuran da ake yi wajen kai dattawa tafiyar daji da hawan dutse

Kuskure na farko shi ne a tsara tafiya da ƙarfin ɗan shekara 25, sannan a ce "za mu bi Baba a hankali." Tun daga tushe ake sake tsarin. Ɗauki hawan Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka-Gumti a jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419. Masu tafiyar ƙafa kan lissafa awa ɗaya ga kowane kilomita 5, da ƙarin awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Ga mai shekara 65 zuwa sama, a ƙara rabin wannan lokacin, a kuma yada zango kafin la'asar don a kafa tanti da sauran rana.

Sai kaya. Jakar matashi kan kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, amma ta dattijo kada ta wuce kashi 10 zuwa 15, wato kilo 7 zuwa 10 ga mai kilo 70. Tanti da tukwane a bar wa masu dako. A ɗaure ɗamarar jakar tam a ƙugu, don kada nauyin ya rataya a kafaɗa.

Kowa hawa yake tsoro, alhali gangara ce ke cin gwiwa, kuma a nan ake zamewa bayan ƙafa ta gaji. Maganinta sanduna biyu, a ƙara musu tsawon santimita 5 zuwa 10 in an fara sauka, a riƙa gajeren taku. Sabon takalmi kuwa, ko kyauta aka ba dattijon, ya yi makonni yana yawo da shi a gida tukuna.

Jiran ƙishirwa ma kuskure ne, domin da tsufa jin ƙishi yana raguwa. A riƙa kurɓar ruwa duk minti 20. Mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari ya ga likita kafin tafiya. Mai ciwon suga ya sani doguwar tafiya na saukar da suga: dabinonsa ya zauna a aljihu, ba a ƙasan jaka ba, kuma kowace yamma a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu.

Zafi na raguwa kusan digiri 6 a kowane mita 1,000, don haka rigar sanyi da shimfiɗa mai kauri dole ne. Tunda dattijo zai fita fitsari da dare, a kafa tantinsa a fili, nesa da gaɓar rafi, da tocila a gefen kansa.

Abu mafi wuya shi ne dattijo ba ya cewa ya gaji a gaban 'ya'yan cikinsa. Kada a tsaya tambaya. A sa shi a bayan jagora kai tsaye, a riƙa jan shi da hira. In maganarsa ta fara yankewa saboda haki, a tsaya a huta. In kuma akwai ciwon ƙirji, jiri ko ruɗewa, a juya a nemi asibiti.