Yadda ake haɗa kayan ƙamshin koko irin na Zango

Duk wanda ya tashi a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi ya san ƙamshin koko da asuba, to wallahi ba geron ba ne ke jawo Asantawa su yi layi suna cewa a ba su Hausa koko, kayan yajin ne. Ga yadda nake haɗa nawa na gero olonka ɗaya, wato gwangwanin awo na nan Ghana.

Ki jiƙa geron ya kwana, da safe ki wanke shi tas. Sai citta ɗanya kamar yatsu uku, ki kankare. Ita citta asalinta daga kudu maso gabashin Asiya take amma ta daɗe da zama 'yar gida, a nan Ghana ma ana noma ta, don haka kar ki yarda a sayar miki da wadda ta yi yaushi. Barkono busasshe guda biyar ko shida ya isa. Mutane da yawa ba sa yarda in na ce barkono baƙo ne, daga nahiyar Amurka ya fito, sai bayan 1492 Turawan Fotugal suka yaɗa shi a gaɓar tekunmu, su ne dai waɗanda suka gina ganuwar Elmina a 1482.

Kanunfari kuwa a nan ake ɓata koko. Daga tsibiran Maluku na Indonesiya yake, Larabawa suka yi ta fataucinsa, sunan ma daga qaranful na Larabci muka samo shi, daga baya Zanzibar ta shahara da nomansa. Ƙarfi gare shi sosai, rabin ƙaramin cokali kawai, in kika cika hannu kokon zai yi ɗaci har harshe ya mutu, yara su ƙi sha.

Sai namu na gida waɗanda na fi ji da su, masoro da kimba. Duk biyun a dazukan Afirka ta Yamma suke fitowa, in kin shiga kasuwar Kejetia ki ce esoro wisa da hwentia, haka Asantawa ke kiransu, masoro ma har Turawa barkonon Asante suke ce masa. Masoro cokali ɗaya. Kimba guda huɗu, ki ɗan gasa ta a kan gawayi ki fasa ki zubar da 'ya'yan cikin don su ne masu ɗaci, ƙamshin a ɓawon yake, kuma don Allah ki sunsuna kafin ki biya, wadda ta daɗe a buhu ba ta da komai sai ƙura.

Ki haɗa duka da geron a kai inji, ki tace, ki bar gasarar ta kwanta zuwa washegari. Ruwan tsamin da ya taso sama kar ki zubar, shi za ki tafasa, ki dama gasarar da ruwan sanyi kaɗan sannan ki juye tafasasshen a kai kina motsawa da sauri har ya yi kauri. Sukari a kofi ake sawa, kowa da daidai bakinsa, sai a kawo ƙosai da zafinsa.