Kurakuran da ake yi wajen rubuta bayanin ƙamusun manhajar gyaran rubutu

Wanda aka ɗora wa manhajar rubutu ta LibreOffice a kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas, ya koma Agege zai buga wasiƙar ƙungiya da Hausa, abin da zai fara gani shi ne jan layi a ƙarƙashin kusan kowace kalma. Ƙamusun Turanci ne kawai a ciki, kuma takardar bayanin manhajar ba ta gaya masa haka ba. Laifin yakan koma kan mu masu haɗa manhaja da rubuta mata bayani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙi faɗin cewa injin daban, ƙamus daban. Hunspell, injin duba kuskuren rubutu wanda LibreOffice da Firefox da Chrome ke amfani da shi, fayil biyu yake bukata ga kowane harshe: na .dic mai jerin kalmomi, da na .aff mai dokoki. Dole sunansu ya zama ɗaya, misali ha_NG.dic da ha_NG.aff ga Hausar Nijeriya, a ajiye su wuri guda. A Debian da Ubuntu, nau'o'in tsarin Linux, wurin shi ne /usr/share/hunspell. A rubuta wannan tun a layukan farko, domin mai shagon buga kati a Shomolu ba zai karanta shafi na biyar ba.

Sai maganar haruffa masu ƙugiya, inda aka fi yin sakaci. Idan fayil ɗin .aff bai ƙunshi layin SET UTF-8, mai faɗin tsarin adana haruffa, ba, Hunspell zai ɗauka tsohon tsarin ISO8859-1 ne, wanda babu ɓ, ɗ ko ƙ a cikinsa. Nan take kalmomi su dagule. Bayanin ya faɗi tsarin da aka bi ƙarara. Ya kuma faɗi abin da manhajar ba za ta iya ba: baki da baƙi duk kalmomi ne na gaskiya, don haka in ka mance ƙugiya ba jan layin da zai fito. Ɓoye wannan ga mai amfani, a ganina, ya fi barin kalma ɗari a waje muni.

Ƙa'idar wace ƙasa aka bi? A Nijeriya 'ya'ya muke rubutawa, a Nijar ƴaƴa, kuma a Idi-Araba da Mile 12 mutanen ƙasashen biyu kafaɗa da kafaɗa suke. In ƙamus ha_NG ne, a faɗa. In ya karɓi duka biyun, a faɗa. Alamar hamza ma fuska uku gare ta a kwamfuta: U+0027, U+2019 da U+02BC, ido ba ya bambance su da sauri amma inji na bambancewa. A zaɓi ɗaya, a sa ICONV, umarnin musanya haruffa a fayil ɗin .aff, ya mayar da sauran zuwa gare ta, a kuma sa ta cikin WORDCHARS, jerin alamomin da ake ƙirgawa cikin kalma, don kada a raba ma'aikata gida biyu.

Wasu kuma kan cusa gida da gidan, mota da motar, kowanne layinsa, alhali dokar SFX, mai ƙara ɗafa-ƙeya ga kalma, za ta ɗauke wannan nauyi. In an yi amfani da ita, a bayyana ma'anar kowace alamar dokar don mai ƙara kalmomi gobe.

A ƙarshen bayanin a sa lasisin ƙamusun, inda aka samo kalmomin, da sigar Hunspell da aka gwada shi a kanta.