Abin da za ka yi idan shuɗiyar wuta ta bayyana a gilashin jirginka da dare

Ranar da na fara ganinta ina mataimakin matuƙi ne a jirgin dakon kaya na soja samfurin C-130, muna ratsa gajimare cikin dare. Sai ga wasu siraran zare na shuɗin haske suna rarrafe a gilashin gaba kamar jijiyoyin ganye. Na leƙa gefe, farfela kowace ta yi zoben wuta. Gabana ya faɗi. Kyaftin ɗina ko gezau bai yi ba, cewa kawai ya yi, "Ƙaro hasken fitila, ka duba rada." Rada ita ce na'urar da ke nuna mana hadarin da ke gaba.

Wutar Sant Elmo ake ce mata, kuma ba ta ƙona komai. Lantarki ne da jikin jirgi ke tarawa idan yana gogar ƙanƙara, ruwa ko ƙura, sai ya riƙa tsiyayewa ta wurare masu tsini. Amma ba ta zuwa a banza, gargaɗi take kawowa.

Fara da fitilun ɗakin tuƙi, ka ƙure haskensu. Inda wannan wutar take, walƙiya ba ta da nisa, kuma idan ta haska idon da ya saba da duhu, za ka yi daƙiƙoƙi ba ka ganin komai. Ɗayanku ya kafe idonsa a kan na'urori, kada ku haɗu kuna kallon waje. Abin yana da kyau, na sani, shi ya sa yake ɗauke hankali. Rediyo zai cika da ƙara, don haka ka maimaita duk abin da aka faɗa maka daga ƙasa.

Sai rada. Idan ta nuna hadari, ka kauce masa da aƙalla kilomita 37, ka kuma nemi izinin barin tsayin da ruwa ke fara daskarewa, don a nan aradu ta fi faɗa wa jirage.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wutar tana ci amma rada fes. A ranar 24 ga Yuni, 1982, wani Boeing 747 na British Airways ya ga haka a sararin Indonesiya. Ashe tokar dutsen Galunggung mai aman wuta ya shiga, kuma rada ba ta ganin busasshiyar toka. Injinansa huɗu duka suka mutu. Sai da ya gangaro ƙasa da tokar sannan injinan suka tashi, ya sauka a Jakarta da gilashi a goge, da ƙyar ake gani.

Saboda haka idan ka ji warin farar wuta, ko ka ga wani hazo kamar hayaƙi a cikin jirgi, kada ka ce za ka haura. Hawa na buƙatar ƙara wa inji wuta, zafin kuma shi ke narkar da toka ta manne a cikin inji. Rage wa inji wuta, ku sa takunkumin iska, ka juya ka koma ta inda ka fito.

Bayan an sauka, rubuta abin a littafin jirgi. Ni da kaina nake zagayawa tare da injiniya da tocila a hannu, muna duba hancin jirgi, bakin fukafukai da 'yan tsinkayen da ke zubar da lantarki, ko akwai tabon ƙunar aradu.