Yadda za ka ziyarci Kolosiyam na birnin Rum ka kuma gane abin da kake kallo

In Allah ya kai ka Italiya, karatu ne ko kasuwanci ko yawon buɗe ido, don Allah kar ka baro birnin Rum ba ka shiga Kolosiyam ba, wato tsohon filin wasannin Rumawan da, kuma shiga ciki nake nufi, ba ka tsaya bakin titi ka ɗau hoto ka ɗora a Facebook ka wuce ba. Da yawa haka suke yi, wallahi asara ce, don labarin duk a ciki yake.

Fara da tikiti. Ka saya ta intanet a shafin hukumar da ke kula da wajen, Parco archeologico del Colosseo, tun kafin ka iso, saboda suna sakin tikiti ne kamar kwana 30 kafin ranar kuma lokacin zafi nan da nan yake ƙarewa. Tikitin da sunanka yake zuwa da kuma lokacin shigarka, don haka riƙe fasfo a hannu, kuma kar ka makara. Na gama-gari wajen yuro 18 ne, ya haɗa da Forum, wato kufan tsohon dandalin birnin, da tudun Palatino da ke maƙwabtaka. Akwai wani na wajen yuro 24 da ke kai ka ƙarƙashin ƙasa, ni dai shi nake ba kowa shawara in ya samu, zan faɗi dalili a gaba. Lahadin farko na kowane wata shiga kyauta ce, amma layin ranar sai mai haƙuri. Masu tare ka a hanya suna cewa za su shigar da kai ba layi, ka ce musu na gode ka yi gaba, haka ma masu shigar sojan Rum da ke kiranka hoto, kuɗi za su nema bayan an ɗauka.

Zuwa ba wuya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa layin B, tasha biyu daga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, ka sauka a Colosseo, kana fitowa ga shi nan a gabanka ya tokare sama. Kula da aljihunka a jirgin. Ka zo da sassafe, takalmi mara tsini, gorar ruwa da za ka riƙa cikawa a famfunan titi, kuma ban da ƙatuwar jaka don akwai bincike a ƙofa.

Kafin ka shiga, zagaya ta ɓangaren arewa inda bangon waje yake tsaye har yanzu, tsayinsa ya kai mita 48, ka ɗaga kai ka dubi saman ƙofofin, za ka ga lambobin Rumawa sassaƙe a dutse. Ƙofa 80 ce, 76 na jama'a masu lamba, kowa ya san ta inda zai shiga da inda zai zauna, da haka ake cika mutum wajen dubu 50 a kuma fitar da su. Ramukan nan da suka yi wa bangon tabo-tabo kuwa ba harbi ba ne, ƙarafan da suka riƙe duwatsun ne mutanen baya suka haƙe suka narkar. Ɗaya ɓangaren girgizar ƙasa ta 1349 ce ta kayar da shi, aka riƙa kwasar duwatsun ana gina coci-coci da gidajen manya.

Sarki Basfasiyan ne ya fara ginin wajen shekara ta 72 miladiyya, a kan filin da Nero, wani sarki da ya gabace shi, ya haƙa wa fadarsa tafki, wato ya ƙwace wajen shaƙatawar mutum ɗaya ya mayar wa talakawan gari, siyasa ce tsagwaronta. Bai ga kammaluwarsa ba, ɗansa Titus ne ya buɗe a shekara ta 80 da wasanni na kwana 100, inda marubucin tarihi Kasiyus Diyo ya ce an kashe dabbobi dubu 9. Sunan Kolosiyam ma daga baya ya samo shi, daga wani ƙaton gunkin Nero da ake kira Kolosus, wanda a da yake tsaye kusa da wajen.

To in ka shiga, hau bene ka leƙo ƙasa tukuna don ka ga siffar wajen gaba ɗaya, kamar ƙwai, mita 189 a tsawo, 156 a faɗi. Wurin zama ma matsayi ne, 'yan majalisar dattawa a gaba dab da fage, sai masu hannu da shuni, sai talakawa, mata da matalauta can ƙololuwa kan benci na katako. Rana in ta take, sojojin ruwa ne ke jan igiyoyi su shimfiɗa wata makekiyar rumfa ta yadi a sama.

Sannan in tikitin yuro 24 ɗin nan ne da kai, ka sauka ƙasa, nan ne ni jikina ya yi sanyi. Abin da kake gani daga sama kamar lunguna a tsakiya, da can rufe yake da daɓen katako da aka zuba wa yashi don ya sha jini. Domishiyan, ƙanen Titus, shi ya gina wannan ɓangaren. Lungunan matsattsu ne, kana tafiya kafaɗarka na kusan goga bulo, ka tuna a lokacin ba hasken rana sai fitila, ga ruri na zakuna da damisa da aka kamo, da yawansu daga Afirka, ga bayi suna murza na'urar da ke ɗaga keji sama ta wata ƙofa a daɓen, dabba ta ɓullo tsakiyar fage kamar daga ƙasa ta tsiro. Da safe farautar dabbobi, da rana tsaka a kashe waɗanda aka yanke wa hukunci, da yamma sai mayaƙan da ake kira giladiyeto, mafi yawansu bayi da fursunonin yaƙi. Mutum a nan ƙasa yana jin ihun dubban mutane a kansa, ya san shi suke jira. Ka ɗan ajiye wayarka a nan ko na minti biyar ne. An ci gaba da faɗan mutane har ƙarni na 5, na dabbobi kuwa har shekara ta 523.

Kar ka kuskura ka rubuta sunanka a bango ko ka tsinci ɗan dutse na tsaraba, tarar mai nauyi ce kuma tana iya kaiwa ga ɗauri. Ginin ya tsira ne da kyar, sai a tsakiyar ƙarni na 18 Fafaroma Benedik na 14 ya keɓe shi aka daina fasa shi.

Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishe ka ciki. In ka fito, kar ka bar sauran tikitinka ya tafi a banza, bi hanyar da ta hau zuwa Forum, a bakinta akwai ƙofar tunawa da Titus. Leƙa cikinta, za ka ga zanen sojoji ɗauke da ganimar da suka kwaso daga Ƙudus a shekara ta 70, har da alkuki mai rassa bakwai na wurin ibadar Yahudawa. Da irin wannan ganimar aka biya kuɗin ginin da ka fito daga cikinsa yanzu.