Kurakuran da ake yawan yi wajen kafa fitilun shago da ofis a jikin silin

Duk shagon da na shiga idona sama yake fara kallo, kuma wallahi sau da yawa raina ɓaci yake, mutum ya kashe kuɗi ya sayo dogayen fitilun LED masu kyau amma an kafa su kamar haƙoran tsoho, wannan ta kalli gabas waccan ta kalli kudu. Fitilar da ake ɗaurawa a fuskar silin ko dakin, wato rufin siminti, ba ta da wurin ɓuya, duk abin da ka yi kowa zai gani.

Matsalar daga awo take farawa. Yara da yawa da ido suke aunawa, su hau tsani kawai su fara huda. Ka sauko tukuna, ka auna tsawon ɗakin da faɗinsa, ka ja zare daga bango zuwa bango ka yi alama. Tazarar da ke tsakanin bango da fitilar farko ta zama rabin wadda ke tsakanin fitila da fitila, haka hasken zai bazu daidai ba duhu a lungu. In dakin ne ka sa fisha mai kyau, robar nan da ake cusawa a rami, da sukuru, ba tsinken ashana ko guntun katako a rami ba. In kuma POP ne ka laluba katakon da ke ciki ka ɗaure a nan, don POP kaɗai ba ya riƙe nauyi, wata rana kan kwastoma za ta faɗo.

Sai tirankin, wato kwaroron roba mai murfi da ake bi da waya a ciki. Ka yanka kusurwa a gicciye ta haɗu tsaf, ka kai shi har jikin fitilar kada a bar waya tsirara ko da ɗan yatsa ɗaya ne, kuma kar ka cusa wayoyi har murfi ya ƙi rufuwa ka zo kana naɗe shi da salatif.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda ke ɓoye a bayan fitilar. A murɗa waya biyu a naɗe da salatif a tura ciki, shi ke nan an gama. Da zafin watan Afrilu ya zo gam ɗin ya saki, haɗin ya fara ɗumi, sai ƙauri. Kanekta, 'yar mahaɗar da ake haɗa wayoyi da ita, ba ta da tsada, ka ɗaure ta tamau sannan ka ja kowace waya ka ji ta kama. Waya mai kaurin 1.5mm² ta ishi layin fitilu da bireka mai amfiya 6 ko 10, sai dai ka kankare bakinta ka duba, in ciki fari ne to alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, mayar wa masu sayarwa da kayansu.

Makunni kuma a kan laif ake sa shi, wato wayar da ke kawo wuta, ja a tsohon launi ko ruwan ƙasa a sabo. In ka sa shi a nutural, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, fitila za ta mutu amma wuta na nan a jikinta, shi ya sa za ka ga wata tana ɗan haske da daddare bayan an kashe, kuma wanda ya zo canzawa gobe shi zai sha jan wuta. Fitila mai jikin ƙarfe dole a haɗa mata atin, wayar nan mai kore da rawaya da ke kare mutum daga jan wuta, na gaji da ganin an datse ta wai ba ta da aiki.

Kar ka jera fitilu da yawa kan makunni ɗaya, LED na fizgar wuta sosai a daidai lokacin kunnawa har bireka ta faɗi. Raba su layi-layi, da rana ma a kashe na bakin ƙofa a rage wa janareta nauyi. Ka karanta kwali kuma, kar ka gauraya fitilar 6500K mai haske fari tas da ta 3000K mai haske ɗorawa a ɗaki ɗaya. Kicin ɗin gidan abinci, gidan burodi da baranda, nemi mai alamar IP65, wato wadda aka rufe don kada ruwa da ƙura su shiga, saboda tururi da ƙura.

Kafin ka taɓa komai ka sauke bireka ka gwada da tasta, don an ɗauke NEPA ba ya nufin layin ya mutu, yanzu shaguna da yawa akwai inbata a bayan kanta tana aiki shiru.